Ƙugiya

Keken rubutun da babana ya sayo a Yamai
na Faransa ne, bai iya Hausa ba.
Ka ce masa ƙasa, ya buga kasa,
ka ce ƙura, ya sako maka kura.
Shi ya sa bayan isha'i Mushe Aliyo Bizo
kan zauna gaban fitilar ƙwai da tsinken ƙarfe
yana bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya
yana rataya musu ƙugiya.

"Sahiya," in ji shi, "harafin da aka hana ƙugiyarsa
guga ne da ba igiya."

Sunan mujallar ke nan, Guga.
Shafi sha shida in takarda ta samu,
takwas in ba ta samu ba.
Shekara sha ɗaya ya yi yana koyarwa a lakwal ta Bilbis
kafin ya ajiye alli ya rungumi tawada.
Innata ba ta yi masa magana ba har aka sha ruwa,
ranar kuwa ko azumi ba a yi.

Ni ce mai ninki.
Ƙanena Tankari ke juya hannun inji
a bayan shagon tela, kusa da tashar Tawa.
Mukan koma gida da baƙin hannu,
tuwo ma sai ya ɗauki ɗanɗanon labari.

Su wa ke rubuto masa?
Wani mai albasa da ke auna baiti kamar buhu.
'Yan ci-rani daga Abijan,
waƙoƙinsu duk kewar fura da cuku.
Wata ungozoma da ta ɓuya a bayan sunan namiji
shekara bakwai, shi kaɗai ya sani.
Da wani maginin rijiya da bai iya boko ba,
ya zo ya tsuguna ya faɗa, baba ya rubuta.

Jan alƙalaminsa ba ya jin kunya.
Wani ya kawo baiti arba'in, tara suka fito.
Ya zo har zaure yana kumfar baki.
Baba ya zuba masa shayi ya ce,
"Karanta min taran."
Mutumin ya karanta, ya yi shiru,
ya nemi ƙarin sukari.

Shekarar da ya rubuta inda hatsin taimako ya kwana,
shi ma ya kwana biyu a hannun 'yan sanda.
Da ya dawo, ko takalmi bai cire ba:
"An gyara shafi na bakwai?"

Ran wata Lahadi a kasuwa
ya ga mai ƙosai tana naɗi da Guga.
Na ɗauka zai yi faɗa.
Ya saya na dala biyar, ya roƙe ta abu guda:
in za ta yaga, ta yaga inda waƙa ta tsaya.

Sai sefa ta faɗi, takarda ta ninka kuɗi.
Guga ta koma sau biyu a shekara,
ta koma in Allah ya yarda.
Fitowa ta tamanin da uku ce ta ƙarshe.
Idonsa ya bi bayanta.
Ko a hakan, in na karanta masa jaridar wasu
yakan ɗaga yatsa: "Nan akwai waƙafi."

Bayan sadakar arba'in na buɗe akwatin ƙarfensa.
Ƙarƙashin rasit da wasiƙun mutane
ga littafinsa, nasa na kansa,
wanda kullum yake cewa sai an gama fitowa ta gaba.
Shafi ɗari biyu da huɗu,
ba ƙugiya ko ɗaya.
Na kowa ya gyara.

Wata uku ina binsu da tsinkensa,
ɗan, ɗiya, ɓaure, ƙauye,
har na iso layin ƙarshe
inda keken ya buga: ya kare.

Wannan na bar shi yadda yake.